Ƙuri'ar fitar da sabuwar sigar manhaja: wa ke jefawa, kuma me +1 take nufi?

Ƙanina na ga tambayarka. Kace kai da wasu mutum shida kuke gina wata buɗaɗɗiyar manhaja, irin wadda kowa zai iya ganin lambobin da aka rubuta ta dasu, da can kai kaɗai ke yanke ranar da za a fitar da sabuwar siga amma yanzu hannu yayi yawa har an fara ƙunƙuni, sai ka leƙa yadda ayyukan Apache, gidauniyar nan mai kula da buɗaɗɗun manhajoji da yawa, suke yi kaga mutane na ta rubuta +1 da -1, shine kake son sanin wa ke da ikon jefa wannan ƙuri'ar, guda nawa ake nema, kuma idan mutum ɗaya yace -1 shin magana ta mutu kenan. Toh bari in warware maka, don na jima a wannan harkar, na haɗa siga an jefa mata ƙuri'a ta wuce, na kuma haɗa an dawo min da ita na sake sabon lale.

Abu na farko da nake so ya zauna maka a kai, wannan ƙuri'ar ba irin ta zaɓe bace da ake tambayarka wa kake so. Shaida ce. Wanda ya rubuta +1 a kan fitar da siga ba cewa yake "ina goyon baya" ba, cewa yake ni da hannuna na sauke wannan ƙunshin, na duba sa hannun dake kansa, na gina shi a kwamfutata, wato na mayar da lambobin manhaja mai aiki, na gwada, kuma na yarda a raba wa duniya da sunanmu. Idan ka riƙe wannan sauran dokokin duk zaka ga dalilinsu da kanka, idan kuwa ka ɗauke ta a matsayin ɗaga hannu a taro to ko mutum ɗari ne suka rubuta +1 baku yi komai ba.

Tunda Apache ka gani bari mu fara da su, kuma gaskiya su suka fi kowa rubuta tsarin nan dalla-dalla. Gidauniyar an kafa ta a 1999 a Amurka, amma al'adar +1 da -1 ta girme ta, tun zamanin ƴan tsirarun mutanen da suka haɗu a 1995 suna gyaran wata manhajar sabar yanar gizo suna tattaunawa ta imel, kowa yana garinsu, basu da ofis basu da shugaba, dole suka nemi hanyar da za a san an amince da abu ba tare da an zauna ɗaki ɗaya ba. Kowane aiki a ƙarƙashin gidauniyar yana da kwamitin dake kula dashi, shi suke kira PMC, kuma ƙuri'ar ƴan wannan kwamitin ce kaɗai ake ƙirgawa idan ana maganar fitar da siga. Kowa na iya jefawa fa, kai ma da baka taɓa rubuta layi ɗaya a aikin ba zaka iya sauke ƙunshin ka gwada ka faɗi abinda ka gani, kuma ana so kayi hakan, sai dai taka bata shiga lissafi. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: a samu aƙalla +1 guda 3 daga ƴan kwamiti, sannan masu +1 su fi masu -1 yawa a cikinsu. Uku sunce eh biyu sunce a'a, ta wuce. Uku da uku, bata wuce ba. Ƴan kwamiti biyu sunce eh tare da mutum ashirin na waje, nan ma bata wuce ba, sai an jira na ukun. Akwai kuma 0, wato bani da ta cewa, har ma zaka ga wani ya rubuta +0.5 ko -0.5 don ya nuna inda zuciyarsa ta karkata, amma wannan ba ya cike gurbin ukun nan.

Shi wanda ya haɗa sigar, manajan fitarwa kenan, ba dole sai ɗan kwamiti ba, duk wanda aka ba ikon shigar da gyara a ma'ajiyar aikin yana iya ɗaukar nauyin. Kuma haɗawar da yayi ba a ɗaukarta a matsayin ƙuri'a, sai ya fito ya rubuta tasa +1 ɗin kamar kowa.

Yadda abin ke tafiya a aikace: manajan zai sa alama a Git, wato manhajar dake adana tarihin duk gyaran da aka shigar a ma'ajiyar aikin, a kan ainihin inda za a yanke sigar, ya dunƙule lambobin manhajar a ƙunshi ɗaya, ya sa masa hannu da mabuɗinsa na GPG, wato manhajar sa hannu ta kwamfuta dake tabbatar da daga wurinsa fayil ɗin ya fito, ya fitar da lambar tantancewa ta SHA-512 wacce kamar zanen yatsan fayil ɗin ce, ko harafi ɗaya aka taɓa a ciki sai ta canja, sannan ya ajiye su a wurin gwaji wanda ba nan jama'a ke zuwa saukewa ba. Wannan ƙunshin shi ake kira RC1, ɗan takara na farko. Sai ya tura saƙo a bainar jama'a yace ga inda yake, ga alamar Git ɗin, ga abubuwan da suka canja, ƙuri'a zata zauna a buɗe aƙalla awa 72. Idan lokaci ya cika sai ya sake tura wani saƙon na sakamako da sunan kowa da abinda ya jefa da kuma wanda tasa ke ƙirguwa. Idan ta wuce, wannan fayil ɗin da aka jefa wa ƙuri'a shi ɗin dai ake ɗauka a mayar wurin da jama'a ke saukewa. Ka lura da wannan sosai don anan na ga ƙananan ayyuka da yawa suna zamewa: ba a sake ginawa bayan ƙuri'a, ba a cewa ai ɗan kuskuren rubutu ne kawai bari in gyara kafin in ɗora. Ka taɓa ko waƙafi ɗaya, ya zama wani abu daban da ba shi mutane suka shaida ba, sai RC2 da sabuwar ƙuri'a. Wasu ayyukan Apache ma irin su Tomcat idan siga ta faɗi lambarta ake jefarwa gaba ɗaya a wuce ta gaba, shi yasa wani lokaci zaka ga tsalle a jerin lambobinsu, kuma a takardar ƙuri'arsu ana baka zaɓi ne ka ce ƙunshin a karye yake kar a fitar, ko kuma ya tsayu a fitar.

Awa 72 ɗin nan mutane na yawan jin haushinta, barin ma idan aiki ya gama kuma ana ɗokin a sake shi. Dalilinta shine masu aikin a warwatse suke a duniya, lokacin da kake tura saƙo wani yana barci, wani yana wurin aikin da yake ci da iyalinsa sai dare zai samu sukunin buɗe kwamfuta, yawancinsu kuma sa kai suke ba biyansu ake ba. In ba don wannan tazarar ba, mutum uku da suke aiki a kamfani ɗaya suna iya haɗa kai da safe su fitar da siga kafin la'asar, sauran su farka su tarar bakin alƙalami ya bushe. Ni a nawa ra'ayin idan kwana ukun sun faɗa a ƙarshen mako ko lokacin hutu gara ka ƙara kwana ɗaya ko biyu, ba abinda zaka rasa.

Yanzu ga tambayarka ta -1, kuma anan ne mutane suka fi ruɗewa saboda alamar ɗaya ce amma aikinta biyu ne. Idan a kan gyaran lambobi ne, wato wani ya kawo canji yana so ya shiga manhajar, to -1 daga wanda ke da hurumi hawa kujerar na ƙi ce, ta tsayar da canjin cak, rinjaye ba ya ture ta, sai dai a shawo kan mai ita ya janye ko a gyara abinda ya nuna. Sharaɗinta ɗaya, dole ta zo da hujja ta fasaha, yace wannan zai buɗe ɓaraka ta tsaro ko zai rage gudu ko zai karya abu kaza, idan babu hujja to ba a ɗauke ta bakin komai ba. Amma a kan fitar da siga ba wanda ke hawa kujerar na ƙi, rinjaye ne kawai. Hikimar itace wurin rigima a kan abinda zai shiga manhaja an riga an wuce shi tun lokacin da ake shigar da gyare-gyaren, idan kana da ja a nan ya kamata kayi. Da za a bar mutum ɗaya ya iya tare fitarwa, sai ya riƙe aikin mutane na wata shida a hannunsa yace ba za a fita ba sai an saka abinda nake so, masu amfani da manhajar kuma suna can suna jiran gyaran da suka daɗe suna roƙo.

Sai dai kar ka fahimci wannan a matsayin ana take -1 a wuce. A zahiri abinda na fi gani shine mutum ɗaya, wani lokaci ma wanda ƙuri'arsa bata ƙirguwa, zai zo yace na gwada a kan tsarin kaza ya ƙi ginuwa, ga abinda ya fito min, manajan ya duba ya ga gaskiya ne, sai shi da kansa ya soke ƙuri'ar ya koma ya haɗa RC2 ko da kuwa ya riga ya samu +1 biyar. Doka bata tilasta shi ba, amma wa zai so sunansa a kan abinda ya san a karye yake? Ya taɓa faruwa dani a wani aiki, na samu ukun da nake nema tun rana ta biyu, sai wata baiwar Allah da ko a kwamitin bata ciki ta rubuto cewa ta ga wani fayil da aka riga aka gina, wanda mutum ba zai iya karanta abinda ke cikinsa ba, a kwance cikin ƙunshin lambobin, ba a san daga ina ya fito ba kuma ba a ambaci lasisinsa ba. Na bincika na tarar wani ne ya saka shi tun da daɗewa don gwaji aka manta. Na soke, muka cire, muka sake kwana uku, kuma har yau ina ganin ƙuri'arta ta fi sauran ukun amfani a wannan zagayen saboda ita ce ta buɗe ƙunshin ta duba da gaske. Tambayar da manaja yake yi wa kansa idan -1 ta zo itace: wannan matsalar sabuwa ce ko tana nan tun sigar da ta gabata? Idan abu ne da yake aiki a da yanzu ya daina, ko batun lasisi ne, ko tsaro, a tsaya. Idan tsohuwar matsala ce da mutane suka riga suke zaune da ita, a rubuta ta a bayanin sigar a wuce, don hana fitar sabuwar ba zai warkar da ita ba.

To me ake dubawa kafin a ce +1? Ka sauke ƙunshin, ka tabbatar sa hannun na manajan ne ta hanyar fayil ɗin mabuɗan da aikin ya wallafa, ka lissafa SHA-512 da kanka ka gwama. Ka kwance shi ka kwatanta da alamar Git, abinda ke cikin ƙunshi ya zama shine ke cikin ma'ajiya, idan akwai bambanci a san dalilinsa. Ka karanta fayil ɗin lasisi da na sanarwar haƙƙin mallaka ka ga sun dace da abinda ke ciki da gaske, su Apache ma suna da wata ƴar manhaja mai suna RAT dake bin fayiloli ɗaya bayan ɗaya tana nemo wanda bashi da bayanin lasisi a samansa, kuma basa yarda a cusa lambobin dake ƙarƙashin wani lasisi mai suna GPL a cikin abinda suke fitarwa saboda sharuɗɗan lasisin biyu basa tafiya tare ta wannan fuskar. Sannan ka gina, ka gudanar da gwaje-gwajen, in da hali ka ɗora shi a kan wani aiki naka na gaske ka ga ko zai tashi. Idan ka zo rubuta ƙuri'ar ka faɗi abinda ka duba da irin kwamfutar da ka yi amfani da ita. Wannan ɗan bayanin yana da amfani ƙwarai, don idan mutum uku duk a Linux suka gwada sai a gane ba wanda ya taɓa Windows, wani ya ɗauki wannan ɓangaren.

Wani zai ce duk wannan wahalar ta mece ce tunda akwai injin gwaji mai sarrafa kansa dake gudana duk sanda aka shigar da gyara. Ka tuna abinda ya faru da xz a watan Maris na 2024. Ƙaramar manhaja ce ta matse fayil da kusan kowace Linux ke ɗauke da ita, mutum ɗaya ya daɗe yana ɗawainiya da ita shi kaɗai, sai wani mai amfani da sunan Jia Tan ya shafe kusan shekara biyu yana taimakawa har aka yarda dashi ya zama shi ke haɗa sigogi, ya dasa ɓarauniyar hanya a 5.6.0 da 5.6.1. Abinda ya shafi maganarmu shine wani ɓangare na dabarar, wato rubutun dake kunna ta lokacin gini, a cikin ƙunshin da ake rabawa yake, babu shi a ma'ajiyar Git da kowa ke kallo. Andres Freund, ɗaya daga masu aikin manhajar adana bayanai ta PostgreSQL, shi ya bankaɗo ta bayan ya lura shiga wata kwamfuta daga nesa ta hanyar da ake kira SSH na ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya ƙi kawar da kai har sai da ya bi diddigi. Ba wai ina cewa ƙuri'a maganin kowane mugu bace, mutum uku ma ana iya yaudararsu. Amma matakin nan na wani daban ya kwance ƙunshi ya gwama shi da ma'ajiya, irin wannan ramin aka tanade shi ya toshe, kuma injin gwaji ba zai yi maka shi ba idan shi ma daga ma'ajiyar yake ɗauka.

Akwai kuma fuskar shari'a da ba kowa ke lura da ita ba. A tsarin Apache idan kwamiti ya jefa ƙuri'a yadda doka ta tanada, sigar ta zama aikin gidauniyar ce ba na mutumin da ya haɗa ta ba, don haka idan wata rana wani ya taso da ƙara gidauniyar ce a gaba, ba ɗan sa kai da ya yi aikin a ɗakinsa da dare ba. Shi yasa suke da tsauri a kan cewa abinda ba a jefa wa ƙuri'a ba kar a tallata shi ga jama'a a matsayin siga, kuma a wurinsu ƙunshin lambobin shine ainihin abinda aka fitar, wanda aka riga aka gina ɗin sauƙaƙawa ce kawai ga masu saukewa. Sababbin ayyukan da suke matakin reno ma sau biyu suke yi, su jefa a tsakaninsu sannan su kai gaban kwamitin renon su nemi +1 uku a can. Aikin da ya kai matsayin ba zai iya tara mutum uku masu dubawa ba kuwa, wannan alama ce ta ya fara mutuwa, kuma ƙarshenta ana mayar dashi ma'ajiyar ayyukan da aka yi wa ritaya.

Idan gobara ta tashi fa? Ana rage awa 72 ɗin, amma ba a yafe ukun. Watan Disamba na 2021 da ɓarakar Log4j, wata manhajar Apache mai rubuta rahoton abinda manhajoji ke yi, ta fito, wacce ta sa duk wanda ke da saba mai aiki da yaren Java ya kwana ido biyu, sai da aka fitar da 2.15.0 da 2.16.0 da 2.17.0 da 2.17.1 duk cikin watan, ƴan sa kai ƙalilan ne kuma suke wannan aikin duniya na kansu. A irin wannan hali jiran kwana uku cutarwa ce. Ga kuma ɓarakar da ba a riga an bayyana ba, ita a asirce ake tattauna gyaranta tsakanin amintattu, don idan ka rubuta a fili cewa wannan sigar tana toshe rami kaza ka nuna wa ɓarawo ƙofa kafin masu gida su samu kwaɗo.

Kar kuma ka ɗauka duk duniyar buɗaɗɗiyar manhaja haka take yi, akasari ma basa jefa ƙuri'a a kan fitarwa sam. Linux kanta Linus Torvalds ne ke yankewa: mako biyu na karɓar sababbin abubuwa, sai rc1 har zuwa rc7 kowane mako ɗaya, idan hankalinsa bai kwanta ba ya ƙara rc8, sannan ya saki, kusan duk mako tara zuwa goma. Sigogin gyara da Greg Kroah-Hartman ke kula dasu kuwa ana tura su a ba mutane kamar awa 48 su gwada su kawo rahoto, kaga shaidar tana nan ko da ba a kira ta ƙuri'a ba. Yaren rubuta manhaja na Python tun da wanda ya ƙirƙiro shi, Guido van Rossum, ya sauka daga shugabanci a 2018 majalisar mutum biyar ake zaɓa, amma fitar da siga na hannun manajan fitarwa, kowace shekara a watan Oktoba, kuma matsalar da aka yi wa alamar mai tare hanya sai an warware ta ko an sauke mata alamar. Masu yaren Rust su kalanda suka miƙa wa hukuncin, duk mako shida jirgi na tashi, abinda bai shirya ba ya jira na gaba, kuma wallahi wannan yana kashe rigima da yawa don ba wanda zai yi ta roƙon a jira shi. Fedora, masu haɗa wani nau'in Linux, suna da zama na musamman kafin kowace siga inda ɓangaren gwaji da na haɗa sigar da na masu gini zasu ce a tafi ko kar a tafi, idan akwai matsala mai tare hanya da ba a gyara ba sai a ɗaga da mako guda. Debian, ita ma wani nau'in Linux, ita ce ta fi ban sha'awa a wurina, suna da tsarin zaɓe mai zurfi irin na jera zaɓuɓɓuka daga wanda ka fi so zuwa ƙasa, amma basa amfani dashi wurin cewa a fitar ko kar a fitar, wannan aikin tawagar fitarwa ne, su ke daskarar da canje-canje suna ƙirga manyan matsaloli har su ragu. Zaɓen suna ajiye shi ne don manyan tambayoyin manufa, kamar na 2022 da suka amince a saka wasu lambobin sarrafa na'ura da ba buɗaɗɗu ba a cikin faifan girkawa, wanda Debian 12 ta fito dashi a watan Yuni na 2023. Wato sun raba abu biyu, me muka yarda mu zama a jefa ƙuri'a, shin wannan ƙunshin ya nuna a bar wa masu dubawa.

Ku da kuke mutum bakwai, ga abinda zan ce. Ku rubuta dokar yanzu da ba a cikin faɗa, shafi ɗaya ya isa, ku ajiye ta cikin ma'ajiyar aikin inda kowa zai gani, don dokar da aka rubuta ana tsaka da rigima kowa zai ce don shi aka yi ta. Ku faɗi sunayen waɗanda ƙuri'arsu ke ƙirguwa da yadda ake shiga cikinsu, kuma ya zama ta hanyar aiki ne ba abota ba. Idan da gaske mutum huɗu ko biyar cikinku suna da lokacin dubawa ku ɗauki ukun Apache yadda take. Idan kun san biyu ne kawai zasu iya, kar ku rubuta uku don kwaikwayo, abinda zai biyo baya shine ka fara bin mutane kana cewa don Allah taimaka min da +1, su kuma su rubuta don kunyarka ba tare da sun sauke komai ba, kun koma ƴan amshin shata kenan kuma wannan ya fi rashin ƙuri'ar muni, saboda masu saukewa zasu ɗauka mutum uku sun duba alhali ba wanda ya duba. Gara ku ce biyu, da sharaɗin ɗaya daga ciki ba shi ya haɗa ƙunshin ba kuma a wata kwamfutar daban ya gina.

Aikin manaja kuma ku riƙa karɓa-karɓa. Na san kai ka fara aikin kuma sakin wannan igiyar ba daɗi, amma ranar da wani ya haɗa siga ba kai ba, ranar zaku gano duk matakan da suke cikin kanka kaɗai ba a rubuce ba, kalmar sirrin da kai kaɗai ka sani, umarnin da kake bugawa da hannu baka taɓa faɗa wa kowa ba. Ka zauna kusa dashi a zagayen farko, duk inda ya tsaya ya tambaye ka ku rubuta amsar a takardar matakai.

Ƙananan abubuwa kuma kar ku ɓata musu ƙuri'a, gyaran rubutu a bayanin manhaja ko sabunta wata ƴar manhaja da taku ke dogaro da ita, mutum yace zan yi kaza nan da kwana uku idan ba mai ja, shiru ya zama yarda. Amma wannan bata aiki a kan fitar da siga, nan shiru ba shaida bace, sai mutum ya buɗe baki. Idan awa 72 ta cika baku samu adadin ba, ba faɗuwa ƙuri'ar tayi ba, ka bar ta a buɗe ka tura tunatarwa, kuma ka tambayi mutane kai tsaye me ya hana su, sau da yawa zaka tarar ginin ne ke da wahala a kwamfutarsu ko basu san yadda ake tantance sa hannun GPG ba suna jin nauyin tambaya. Ka rubuta musu umarnin guda huɗu ko biyar da zasu kwafa su liƙa, na saukewa da na tantance sa hannu da na SHA-512 da na gwamawa da Git da na gini, ka saka su a ƙasan saƙon ƙuri'ar kowane zagaye.